ZAUREN 'YAMMATA: Daren Da Inna Ta Kira Sunan 'Yar Farinta

  

A wannan fitowar na so mu ci gaba da zancen lefe da muka faro a baya, to amma sai ga wata wasiƙa daga wata ɗaliba 'yar aji biyar a Gusau wadda ta hana ni sukuni. Ta ce sati uku ke nan tana jinyar mahaifiyarta a asibiti, kullum da safe likita zai zo zagaye da 'yan bayansa, su yi ta Turanci a kan gadon, ya yi rubutu a fayil su wuce, har ranar da ta rubuto mini ba ta san sunan ciwon da ke damun uwarta ba. Tana son ta tambaya, amma da ta buɗe baki sai kunya da tsoro su rufe ta. A ƙarshe kuma ta ɗan zolaye ni, ta ce a littafina na biyu ta karanta inda tauraruwar labarin ta tsaya a ƙofar asibiti tana ɗaga wa ma'aikata murya, wai “Anti, anya kuwa 'yar mutunci za ta yi haka?”

To ƙanwata, duk abin da ke cikin littafin nan ƙagowa na yi, ban da wannan wurin. Wannan yarinyar da ke tsaye a ƙofa ni ce, kuma yau zan ba ku labarin yadda aka yi.

Shekarar 2020 ce, ina aji shida, muna ta shirin jarrabawar fita sai annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris. Ran 11 ga Afrilu aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu a Kano, ran 16 gwamnatin jiha ta sa dokar kulle, ran 24 muka ɗauki azumi, sannan ran 27 Shugaba Buhari ya yi jawabi ya ce a kulle Kano gaba ɗaya har sati biyu. Waɗanda suke da wayo a lokacin ba sai na tuna musu ba. Ga zafin bazara, ga azumi, ga babu kasuwa, ga kuma sanarwar rasuwa a rediyo ba ƙaƙƙautawa, yau a ce malam wane, gobe a ce alhaji wane, har mutum ya ji tsoron kunna rediyon.

Yayata, 'yar farin Inna, tana gida a lokacin, ta zo goyon ciki, cikinta na fari wata takwas. Aurensu na soyayya ne, irin wanda sai da aka sha fama kafin dangi su yarda, amma wannan labari ne na wata rana. Mijin nata ya tafi Ikko saro kaya, rufe hanyoyi ya rutsa da shi can. Abbanmu kuwa Allah ya yi masa rasuwa shekara uku kafin nan, don haka gidan daga Inna sai Yaya sai ni sai ƙannena biyu ƙanana.

Zuwan Yaya awo na ƙarshe a watan Maris an ce mata jininta ya hau, an rubuta 150/100 a katinta, aka ce ta dawo bayan sati ɗaya. Ba ta koma ba. Kowa a unguwa cewa yake asibiti yanzu wurin ɗaukar cuta ne, wasu ma su ce da ka yi tari za a kama ka a kai ka Kwanar Dawaki a killace, ba mai ƙara ganinka. Ƙafafunta suka kumbura aka ce ai haka masu ciki suke. Fuskarta ta kumbura, zoben aurenta ya ƙi fita daga yatsa, aka ce ƙiba ce ta hutu. Ta fara ciwon kai aka ce rana ce. Ga kuma ɗan mura da tari da ta kwana huɗu tana yi, wanda Inna ta hana mu faɗa wa kowa.

Daren azumi na biyar, bayan mun sha ruwa, Yaya ta kira ni ta ce, “Ke, zo ki gani, taurari nake gani a cikin ɗaki, kuma nan ƙarƙashin haƙarƙarina kamar ana soka mini wuƙa.” Na je na gaya wa Inna. Kun san halin iyayenmu da ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya ba, sai dai “yarinyar nan” ko “waccan”, ko hira ba sa yi, ko kallonta ba ta yi a gaban mutane. Inna ta tsaya daga bakin ƙofa ta leƙa, na ga hannunta yana rawa, amma abin da ta iya cewa kawai shi ne, “A jiƙa mata tsumma a ɗora mata a ka.” Kafin in jiƙo tsumman sai ji na yi ƙanena ya ƙwalla ihu. Yaya ce ta sandare, idanu sun juye, jiki yana ta karkarwa, kumfa a baki.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne tsohon direba, yana da wata tsohuwar mota da yake rufewa da tamfol, mu duka Baba muke ce masa. Ban ma tsaya neman takalmi ba na je na dinga dukan ƙofarsa. Allah ya jiƙan bawan Allahn nan, bai tambaye ni komai ba sai cewa ya yi, “Ku fito da ita.” Har mun sa ta a mota na koma da gudu na ɗauko katin awonta a ƙarƙashin katifa, ni kaina ban yi shawarar hakan ba, ƙafata ce kawai ta kai ni.

A hanya an tsayar da mu a shinge sau biyu, amma da suka haska tocila suka ga halin da take ciki sai suka ɗage mana katako. Asibitin kuɗi na farko da muka je a rufe yake da kwaɗo, maigadi ya ce likita ya kwana goma bai zo ba. A na biyu wani ya fito da abin auna zafin jikin nan mai kama da bindiga ya saita goshinta, ya ja da baya, daidai lokacin kuma tari ya sarƙe ta. Shi ke nan, ya ce babu gado. Haba jama'a, mace a cikin rufaffiyar mota a watan Afrilun Kano, wa za a auna a ji shi da sanyi? Inna ba ta ce uffan ba, ni ma haka, muka juyo kamar waɗanda suka je roƙo aka ce Allah ya ba da haƙuri. A mota Baba ya ce, “In mun je na gaba kada wanda ya ambaci tari.”

Na uku asibitin gwamnati ne, ba zan faɗi sunansa ba. Ƙofar ɗakin haihuwa a rufe, ta taga wata matashiyar ma'aikaciya ta ce mana an rage karɓar mutane, mu jira. Muka jira. Yaya tana kwance a bayan mota sai minshari take, Inna ta zauna a ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska, Baba yana ta kai da kawowa yana salati. Sai jijjigar ta sake dawowa karo na biyu.

Wallahi 'yan uwa, ni da ko a aji malami ya yi tambaya na san amsa ba na iya ɗaga hannu, ban san lokacin da na isa tagar nan ba. Ban zagi kowa ba, ban ce don talakawa ne mu ba, duk da abin yana bakina. Katin na manna a jikin gilashi na ɗaga murya yadda duk wanda ke ciki zai ji, na ce, “Sista don girman Allah ki duba! Cikin fari ne wata takwas, awonta na ƙarshe 150 bisa 100, jijjiga ta yi sau biyu, ɗaya ƙarfe takwas a gida, ɗaya yanzu a ƙofarku. Kuma tana tari kwana huɗu, ba ta je ko'ina ba, ba wanda ya zo mana daga tafiya.” Na ji Baba ya ce “Innalillahi” a bayana saboda na fasa ƙwan tarin. Na sake maimaitawa, na kuma sake, ina kuka ina faɗa.

Sai ga wata babbar nas, dattijuwa, ta buɗe ƙofa. Ta karɓi katin ta duba da fitilar waya, ta ce, “'Yata, ke ce mai jinya?” Na ce ni ce. Ta ce, “Kin kyauta da kika faɗi tarin.” Ta ciro takunkumi ta ɗaura wa Yaya, ta sa aka turo gadon ɗaukar marasa lafiya, ta ce a kai ta ɗakin gefe ita kaɗai. Ta ga Baba yana ƙoƙarin cusa wa Yaya cokali a baki ta daka masa tsawa, ta ce ba a sa wa mai jijjiga komai a baki, a kwantar da ita ta gefen hagu kawai. Nan take aka yi mata allurar da ake yi wa masu jijjigar ciki, daga baya na ji sunanta magnesiyam salfet, aka kira likita.

A nan zan ɗan tsaya in yi wa ma'aikatan nan adalci, don da farko na tsane su duka. Da muka kwana shida a wurin na ga abin da ban sani ba. Nas ɗin nan takunkumi ɗaya take wankewa ta shanya ta mayar, safar hannu sai an ƙirga, kuma ita ma tana da 'ya'ya a gida da hawan jininta. A kwanakin nan likitoci da nas-nas da dama a Kano sun kamu da cutar, kuma an sha ba da labarin masu zuwa su ɓoye cewa sun yi tafiya ko suna zazzaɓi, sai bayan an gama taɓa su gaskiya ta fito. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya dole ya ji tsoron kowa. Wannan bai wanke wanda ya kore mu ba, har gobe ina ganin bai kyauta ba, amma na gane cewa gaskiyar da na faɗa ita ta ba wa baiwar Allahn nan damar ta kare kanta sannan ta taɓa Yaya.

Da likita ya zo ya ce maganin abin shi ne a raba ta da cikin, sai an yi tiyata a daren, a kawo mijinta ya sa hannu. Muka ce yana Ikko. Na kira shi, yana ta kuka a waya yana cewa a yi duk abin da za a yi, amma suka ce ana son wani babba a nan ya sa hannu tunda ita ba ta cikin hayyacinta. Aka miƙo wa Inna takarda da abin dangwale. Inna ta maƙe hannu a cikin mayafi ta ce ita ba za ta dangwala a takardar da ba ta san abin da ke ciki ba, ta ga abin da aka yi a shekarar sanƙarau.

Ƙannena, ku da ni duk ba a haife mu ba a lokacin, don haka bari in gaya muku abin da Inna take nufi. A 1996 an yi annobar sanƙarau a arewacin ƙasar nan wadda ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe fiye da 11,000. A cikin wannan hali kamfanin magani na Pfizer daga Amurka ya zo Asibitin Zana a Kano ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan, da yara wajen 200, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani da aka saba. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin kuma ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. Iyayen nan, yawancinsu talakawa, ba su haƙura ba, aka yi ta shari'a a nan gida da Amurka, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, a 2011 aka fara biyan wasu iyalai. Inna tana budurwa aka yi abin, kuma tun daga nan takardar asibiti ta zame mata abin tsoro, ita da dubban irinta.

Na ga likita ya fara ƙosawa, lokaci kuma yana tafiya. Sai na ce, “Likita don Allah ka ba ni in karanta mata, abin da ban gane ba ka fassara mana da Hausa.” Ya dube ni, ya ja numfashi, ya jawo kujera ya zauna. Bai fi minti uku ba. Ya ce wa Inna, “Mama, jinin 'yarki ne ya hau har ya taɓa ƙwaƙwalwa. In aka bar cikin za mu iya rasa su duka biyun. Za mu sa ta barci mu ciro jaririn, akwai haɗari, amma haɗarin barinta ya fi. Ba gwaji ba ne, aiki ne da muke yi kullum.” Inna ta yi shiru, sannan ta miƙa babban yatsa ta dangwala. Da aka zo turo gadon za a wuce da Yaya, sai kawai Inna ta riƙe ƙarfen gadon, ta sunkuya daidai kunnenta ta kira sunanta. Sunanta na yanka, sau biyu, ta ce, “Ki yi haƙuri, ga ni nan, ba inda za ni.” Shekarata goma sha takwas a duniya ranar na fara jin sunan nan a bakin Inna.

Wajen ƙarfe uku na dare, masu sahur sun fara tashi, aka fito da jaririya 'yar mitsitsiya tana tsala kuka. Yaya ta farfaɗo da hantsi. Tarin ya bi ruwa a cikin sati, masu ɗaukar gwaji da nas ta yi ta kira a waya kuwa har aka sallame mu ba su zo ba. Yarinyar nan yanzu tana makaranta, bakinta ya fi na kowa a gidan. Inna kuma da gari ya waye ta koma “yarinyar nan” abinta, in na tuna mata sai ta ce in kiyaye ta.

Da a littafi ne nan zan tsaya, a yi suna a yi shagali. Mu marubuta mun iya asibiti a takarda, tauraruwa ta faɗi a sume, kyakkyawan likita ya ɗauke ta, kafin shafi goma ya ce yana sonta, in ciwon ya yi tsanani Alhaji ya fitar da ita Landan. Ni ma na rubuta irinsa, ba na musu.

Kwana goma sha biyu bayan wannan dare Baba ya kwanta da zazzaɓi, numfashi yana yi masa wuya, ga shi dama da ciwon suga. Iyalinsa suka rufe zancen, suna ta sayo magani a kemis, don ya ce musu kada a kai shi inda za a killace shi ya mutu ba mai yi masa talƙini. Mu da muke katanga ɗaya ba mu ji ba sai da ya kwana biyar. Na shiga na gaishe shi daga bakin ƙofa, na ga yadda ƙirjinsa yake sama da ƙasa, na so in ce wa matarsa a tafi asibiti yanzu, amma na ce ni wace ce, yarinya da ni, in shiga maganar gidan manya. Na fito. Washegari da asuba ya cika. Mutumin da ya fitar da motarsa cikin dokar kulle saboda mu, ni da na iya ɗaga murya a kan 'yar uwata sai na kasa a kansa. Kuma har yau in na tuna daren da ya kwana cikin mota da mai tari, da yawon asibiti uku da ya yi ba takunkumi, sai in ji abinci ya fita raina.

A watan Yuni na shekarar ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya faɗi sakamakon binciken mace-macen Kano. Ya ce an ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana jin korona ce ta jawo ko ta tunzura wani ciwon da mutum ke da shi, yawancinsu sun haura shekara 65, kuma wajen kashi 56 a gida suka rasu. Da na ji wannan na ƙarshen a rediyo Baba kawai na gani.

Tsoron killacewar ma ba a banza ya zo ba. A farkon watan Mayu na 2020 marasa lafiyar da aka killace a Kwadon ta jihar Gombe sun fito sun tare hanya suna kukan ba a kula da su ta wajen magani da abinci. Kukansu yana kan hanya, sai dai fitowa cikin jama'a da cuta a jiki ban ga daidansa ba, wanda ka goga wa bai yi maka laifin komai ba.

Sai bayan an buɗe makaranta a watan Agusta, mun zo rubuta jarrabawa, wata malamarmu da na ba wa labari ta ce, “Ke ba ki san doka tana bayanki ba?” Ashe tun 2014 akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa, sashe na 20 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa ko da wane dalili, wanda ya saɓa ana iya cin sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Sashe na 23 kuma ya ce a gaya wa mara lafiya abin da ke damunsa, da hanyoyin magani, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, in da hali da harshen da yake ji. A 2018 ma mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin marasa lafiya, ciki har da rufa wa mutum asirin ciwonsa da 'yancin kai ƙara in an wulaƙanta shi. Tabɗi! Shekara shida ina sakandare, na haddace sunayen kogunan duniya, wannan ba wanda ya taɓa gaya mini.

Saboda haka ƙanwata ta Gusau, ga abin da nake so ki yi gobe in Allah ya kai mu. Ki yago takarda daga littafin makarantarki tun da dare, ki rubuta tambayoyinki kada su wuce uku, don likita mai zagaye ba ya daɗewa: mene ne sunan ciwon Mama, wannan maganin na mene ne kuma har yaushe za ta sha, wace alama ce in na gani zan kira ku da gudu. Kafin zagaye ki sami nas ɗin da kika ga ta fi sakin fuska, ki gaishe ta da ladabi, ki ce mata kina da tambaya ga likita, sau da yawa ita za ta tsayar miki da shi. In ya yi Turanci ki ce, “Likita don Allah da Hausa, Mama ma tana son ta ji.” Abin da ya faɗa ki rubuta a gabansa, da sunan kowane magani da lokacin da aka ba ta, kuma kada ki ɓoye musu komai, ko jiƙon gargajiya aka kawo daga gida ta sha ki faɗa. In an yi miki tsawa kada ki rama, kada kuma ki koma ki zauna, ki nemi shugabar nas-nas ta ɗakin, kowane ɗaki yana da ita. Hijabinki yana jikinki, muryarki a ƙasa, ba wanda zai ce ba ki da tarbiyya. Ni tawa muryar ta fita ne don ƙofa a rufe take kuma akwai gilashi tsakanina da su.

Ki gaishe mini da Mama da jiki, Allah ya tashi kafaɗunta, kuma ki sake rubuto mini in ji sunan ciwon. Masu jiran zancen lefe ku yi mini afuwa, wasiƙunku suna nan a ajiye, ta mai tambayar akwati nawa ya kamata ita ce a sama. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.

Taku har kullum.